Singafo, Selangor da rigimar shiyya a Kofin Malaya

A ranar 1 ga Oktoba 1921, a filin Selangor Club da ke Kuala Lumpur, Singafo ta doke Selangor da ci 2 da 1 a wasan ƙarshe na farko na gasar ƙwallon ƙafa ta Kofin Malaya, kofin da jami'an jirgin yaƙin HMS Malaya suka bayar. An raba gasar gida biyu, shiyyar arewa da ta kudu, zakarunsu su kara a ƙarshe. Daga nan har 1941 ba a yi wasan ƙarshe ba tare da Singafo ba.

Wani zai ce gatan shiyya ne: Selangor sai ta tsallake Perak da Penang, Singafo kuwa Melaka da Negeri Sembilan ne a gabanta, ga Straits Times, babbar jaridar yankin, a garinta tana yi mata kirari. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, domin Perak ma ta ɗauki kofin a 1926 da 1931, abin da babu wata ƙungiyar kudu da ta yi har 1941 in ban da Singafo. Amma sauƙin hanya kai mutum filin kawai yake yi. Cikin wasannin ƙarshe 21, Singafo ta ci 12 ita kaɗai, ta raba biyu da Selangor a 1928 da 1929.