Harafi Ɗaya Da Ya Sauya A Takardar Likita

A Garwa da wuya mace ta fito fili ta ce haila ta ɗauke mata. Sai dai a ce ta daina wanki, ko girma ya zo. Malaman fiƙihu na kiranta ya'isa, wadda ta ɗebe tsammanin jini, iddarta wata uku. A asibiti kuwa, inda Faransanci ke mulki, ménopause ake rubutawa, kalmar da likita Gardanne ya ƙera daga Girkanci a 1821, ma'anarta tsayawar wata.

Sunan maganin ne abin dubawa. Shekara da shekaru likitoci na rubuta THS, traitement hormonal substitutif, wato magani mai maye gurbin abin da jiki ya rasa. A ganina akwai dabarar 'yan kasuwa a sunan nan. Da an ce maye gurbi, an nuna wa mace cewa nakasa ta same ta, alhali shekaru ne kawai suka ja. Da wannan tunani aka yi ta sayar da Premarin a Amurka, ƙwayar da ta shiga kasuwarsu a 1942. Sunanta ma daga fitsarin goɗiya mai ciki aka yanko shi, don daga nan ake tace sinadarin istirojin ɗin.

A 2002 aka katse wani babban bincike a Amurka, WHI, mai mata fiye da 16,000. An ga haɗa istirojin da furojestin na ƙara sankarar mama, kusan ƙarin mata 8 cikin 10,000 a shekara, ga daskarewar jini da shanyewar ɓarin jiki. Matan da aka cire wa mahaifa, masu shan istirojin zalla, ba a ga ƙarin sankarar a jikinsu ba. Bayan haka ne THS ya koma THM, maganin lokacin daina al'ada, aka yar da alkawarin dawo da ƙuruciya.

Maganin na nan, kuma yana taimakon wadda zafin jiki da zufar dare suka hana barci, abin da a Garwa ake ɗora wa ranar Afrilu ko zazzaɓin cizon sauro. Amma Hajiya, kada ki saye shi a kyamis da kanki. Ki ga likita, ya duba mamanki, ki kuma gaya masa in sankara ta taɓa kama wata a danginku.