Ɗumamen Talotalo: Daga Otal Zuwa Kicin Ɗin Kowa

Duk shekara, da zarar Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba ta wuce, Amurkawa sun ci sun sha a bikin Ranar Godiya, sai tsohuwar gardama ta taso a shafukan girki na jaridunsu: wa ya ƙirƙiro Tetrazzini? Shi ne abincin da ake yi da ragowar naman talotalo. A yayyanka naman, a haɗa shi da taliya da naman kaza da miyar madara mai kauri, a barbaɗa cuku a sama, a sa a obin har samansa ya yi ja. Mutanen San Francisco na cewa nasu ne, na New York na cewa ba su yarda ba. A ganina dukansu sun bar jaki suna dukan taiki.

Talotalo dai ɗan asalin nahiyar Amurka ne. Mutanen Meziko na da suna kiwonsa tun kafin zuwan Turawa, Sifaniyawa suka kai shi Turai a ƙarni na 16, daga baya Turawan Ingila suka sake dawowa da shi. Liyafar Plymouth ta 1621, wadda ake jingina bikin da ita, wasiƙar Edward Winslow, ɗaya daga cikin Turawan da suka halarta, ta ambaci tsuntsaye, da kuma barewa biyar da mutanen Wampanoag 'yan asalin yankin suka kawo, amma ba ta kama sunan talotalo ba. Sai a 1863 Shugaba Lincoln ya ayyana ranar ga ƙasa baki ɗaya, bayan Sarah Josepha Hale, editar mujallar Godey's Lady's Book, ta shafe shekaru tana matsa wa shugabanni da wasiƙu.

Sunan abincin kuwa na wata mawaƙiyar opera ce 'yar Italiya, Luisa Tetrazzini. Ta fara tashe a Amurka a San Francisco a 1905, ta isa New York a 1908, kuma a jajibirin Kirsimeti na 1910 ta tsaya a tsakiyar titin San Francisco ta rera waƙa kyauta ga dubban mutane. Masu goyon bayan birnin suna cewa Ernest Arbogast, babban kukun otal ɗin Palace, shi ya fara haɗa abincin don girmama ta. Abokan hamayyarsu suna nuna otal ɗin Knickerbocker na New York. Abin da ke a rubuce shi ne, tun a 1908 mujallar Good Housekeeping ta buga girkin da wannan suna.

To, a ce ma an gano kukun. Abincin otal ɗin masu hannu da shuni, ta yaya ya zama abin da miliyoyin gidaje ke ci ranar Asabar bayan biki? Amsar tana cikin kicin, kuma kuku ba shi da hannu a ciki.

A 1915 kamfanin Corning ya fito da Pyrex, kwanon gilashi da ke jure zafin obin, wanda za a gasa abinci a ciki a ɗauko shi kai tsaye zuwa teburi. A 1927 General Electric ya saki firjin da ya fara yaɗuwa a gidaje, ajiyar dafaffen nama na kwanaki ta yi sauƙi. Amma babban ɗan wasan, in ka tambaye ni, gwangwani ne. A 1934, ana tsakiyar matsin tattalin arzikin da ya faro a 1929, kamfanin Campbell's ya fito da miyar naman kaza da madara mai kauri. Miyar da kukun otal zai tsaya yana damawa da bota da fulawa, yana gadi kada ta yi gudaji, yanzu uwargida buɗe gwangwani kawai za ta yi ta juye. A jihar Minnesota, wadda take gaba-gaba wajen kiwon talotalo, matan cocin Lutheran sun rungumi miyar nan har aka yi mata laƙabi da sunan cocin, kasarol ɗin kuma, wato irin wannan abinci da ake haɗawa a gasa a kwano ɗaya, suka raɗa masa nasu sunan, hotdish.

Shi ma tsuntsun ya canja. Zuwa shekarun 1960, farin talotalo mai faɗin ƙirji ya mamaye kasuwa, wanda nauyinsa ya kai ba ya iya barbara da kansa, sai masu kiwo sun yi wa macen allurar maniyyi. Iyalin mutum shida ba sa iya cinye tsuntsu mai kilo takwas a zama ɗaya, kuma naman ƙirjin ba shi da kitse, idan ya kwana sai ya bushe kamar ƙirare. Miya mai kauri ce kaɗai ke dawo masa da rai. Mu da muka san ɗumamen tuwo, muka kuma san yadda ake soye naman layya don ya kai makonni, ba ma buƙatar dogon bayani a nan. Bambancin kawai shi ne mu da mai da rana muke adana nama, su da sanyi.

Akwai masana girki a yau da ke raina kasarol ɗin gwangwani, suna cewa gishiri ya yi masa yawa. A batun gishiri suna da gaskiya, ni ma na fi son wanda aka dama miyarsa da romon ƙashin tsuntsun. Raini ne ban yarda da shi ba, domin matan da suka yaɗa abincin nan sun yi shi ne don kada naman da aka kashe kuɗi a kansa ya tafi bola. Kuma lokacinsu ƙayyadadde ne: ma'aikatar noma ta Amurka ta ce dafaffen talotalo ya shiga firji cikin awa biyu, a cinye shi cikin kwana uku zuwa huɗu. Tsuntsun da aka gasa ranar Alhamis, Litinin ce ranarsa ta ƙarshe.