Yadda 'yan wasa masu zaman kansu ke rayuwa a Hollywood

Yawancin 'yan wasan fim a Amurka ba su da albashin wata. Da zarar an kammala ɗaukar fim, yarjejeniya ta ƙare, sai a koma layin gwaji. Shi ya sa mutum guda kan haɗa sana'a uku: fitowa a fim, sanya murya a tallace-tallace da katun da wasannin bidiyo, da kuma rubuta labarin fim.

Abin da ke riƙe su kafin wani aikin ya samu shi ne kason da ake biyansu duk lokacin da aka sake haska tsohon shiri. Zuwan manhajojin kallo irin su Netflix ya rage kaurin wannan kaso. A 2023, sai mamba na ƙungiyar SAG-AFTRA, mai mutum kusan 160,000, ya samu dala 26,470 a shekara kafin ya cancanci inshorar lafiya. Akasarinsu ba sa kaiwa.

Wannan matsin, da fargabar cewa ƙirƙirarriyar basira za ta kwaikwayi muryoyinsu, su suka haifar da yajin aikin 2023: marubuta sun yi kwana 148, 'yan wasa kwana 118. Yarjejeniyar da aka cimma a watan Nuwamba ta wajabta wa kamfanoni neman izinin ɗan wasa da biyansa kafin amfani da kwafin fuskarsa ko muryarsa. A Yulin 2024, masu sanya murya a wasannin bidiyo su ma suka tsunduma yajin aiki kan wannan batu.