Salon Zancen Maza da Mata a Wasannin Barkwanci na Talabijin

Nazarin bambancin salon magana tsakanin maza da mata ya kankama ne a Amurka, lokacin da Robin Lakoff ta fitar da littafinta a 1975, inda ta yi hasashen cewa mata sun fi maza sassauta zance da kauce wa yanke hukunci. A 1980 William O'Barr da Bowman Atkins suka nazarci maganar shaidu a kotu, suka gano cewa wannan sassauci ya fi bin matsayin mai magana fiye da jinsinsa. Deborah Tannen kuma a 1990 ta ce maza sun fi karkata ga zancen ba da bayani, mata ga zancen ƙulla zumunci. Daga baya masana suka juya ga wasannin barkwanci na Ingilishi, kamar Friends, wanda aka nuna daga 1994 zuwa 2004. Wasannin Hausa sun cancanci irin wannan nazari, sai dai ma'aunin Turawa ba zai wadatar ba.

A farkon wasannin talabijin na Arewa, bakin namiji ne ke ɗauke da dariya. Samanja, wato Usman Baba Pategi, ya gina rawarsa a kan tsawa da umarni irin na bariki, da Hausa mai gauraye da Turancin soja. Kasimu Yero ya yi fice da kaifin baki. Daga baya Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a 2014, ya ɗora nasa salon a kan cika baki da rantsuwa da gardamar da ba ta da tushe. A dukkan waɗannan, namiji yana magana ne kai tsaye, da ƙarfi, a bainar jama'a, abin dariyar kuwa shi ne yadda iƙirarinsa ke rushewa a gaban kowa.

Mace ta shigo da wasu makamai daban: habaici, gatse, gugar zana, shewa da tafa hannu. A wasa, amarya na iya zama tana tankaɗe a tsakar gida, uwargida ta gifta, sai amaryar ta dubi kaza ta ce, "Ke kuma kullum sai kin sa baki a abin da ba naki ba." Ba a ambaci sunan kowa ba, amma saƙo ya isa, kuma idan aka kai ƙara gun maigida, ba a kama ta da laifi. Wannan ba rauni ba ne. Dabara ce ta wanda al'ada ta hana shi fito-na-fito, wadda ke buƙatar ƙwarewar harshe fiye da tsawa. Saratu Giɗaɗo, wato Daso, wadda ta rasu a 2024, ta shahara ne a rawar mace mai kaifin harshe da ba a taka ta ta yi shiru.

Sai dai jinsi kaɗai bai isa ya bayyana wannan rabo ba. A Gidan Badamasi, wanda Falalu Ɗorayi ya ba da umarni, tashar Arewa24 kuma ta nuna, 'ya'yan wani attajiri, maza da mata, duk suna lallashi da daɗin baki da kewaye-kewaye a gaban uba, domin shi ke riƙe da dukiya. Namijin da ke neman abu a hannun wani yakan yi magana irin wadda ake jingina wa mata, tsohuwa kuma takan yi wa ɗanta magidanci tsawa ba tare da shakka ba. Ke nan shekaru da arziki da dangantaka suna juya harshe kamar yadda jinsi ke juya shi, abin da ya zo daidai da binciken O'Barr da Atkins.

Mai kallo a Birnin Kudu ko Gwaram, garuruwan masarautar Dutse da Hausawa da Fulani ke zaune tare, ya san wannan tun daga gida. Matar da alkunya ta hana ta kiran sunan mijinta ko ɗanta na fari, ita ce dai ke ragargazar taubashinta da wasa a gidan biki, ko ta tsokani jikanta da sunan "mijina". Wuri da abokin zance ne ke buɗe baki ko su rufe shi.

Haɗarin da ke tattare da wasannin shi ne taƙaita zancen mace ga masifa da kishi, na namiji ga ihu da wauta. Mafi yawan marubuta da masu ba da umarni maza ne, don haka muryar macen da ake ji a talabijin sau da yawa hasashen namiji ce. Bai kamata manazarci ya ɗauki wasa a matsayin shaidar yadda Hausawa ke magana ba, sai ya kwatanta shi da hirar gaske ta zaure da kasuwa da tsakar gida. Masu shirya wasa kuma za su ƙaru idan suka ƙara jawo mata cikin rubutun zance, domin su suka fi sanin sirrin wannan fasaha.