Gulutatiyon da ciwon dajin ƙwaƙwalwa

Gulutatiyon sinadari ne mai ɗauke da farar wuta, wanda ƙwayoyin jiki ke haɗawa don kare kansu daga lahanin iskar oksijin. Abin takaici, ƙarin ƙwaƙwalwa da ake kira giliyoma ma da shi yake garkuwa. Yakan zuƙi sistin, ɗaya daga kayan haɗin, ta wata ƙofa a ɓawon ƙwayarsa, ya tofar da gulutamet waje. Gulutamet ɗin nan ke kashe jijiyoyin kewaye, ya jawo farfaɗiya.

A 2011 ayarin mai bincike Harald Sontheimer a Amurka ya nuna maganin sulfasalazine, mai toshe ƙofar, yana rage farfaɗiya a ɓeraye. Gwajin maganin kan majinyata a Beljiyam kuwa dakatar da shi aka yi, don bai hana ƙarin girma ba.