Daga Lamuni Zuwa Lamba: Yadda Marar Jari Ke Samun Bashin Farko a Ƙasar Birnin Kudu da Gwaram

1.0 Gabatarwa

Hausawa kan ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Amma duk wanda ya zauna a karkara ya san ba kowa ake bai wa bashi ba. Mai ba da bashi yakan so ya san yadda mutum ya biya na baya kafin ya ba shi na gaba. To, wanda ba a taɓa ba shi ba fa, ta yaya za a san yadda yake biya? Wannan ita ce tambayar da muke son mu bi diddiginta a wannan maƙala, muna masu taƙaita kanmu ga ƙasar Birnin Kudu da Gwaram. Ra'ayinmu shi ne, a kowane zamani bashin farko da sunan wani ake cinsa, wato da lamuni, kuma tsarin banki na zamani bai samar da abin da ya maye gurbin wannan mataki ba.

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu bambance kalmomi. Rance shi ne a karɓi abu a mayar da kamarsa ba ƙari. Bashi ya fi faɗi, domin ya haɗa da ɗaukar kaya a biya daga baya. Jingina ita ce a ajiye gona ko wata kadara a hannun mai kuɗi har a biya. Lamuni kuwa shi ne wani ya tsaya wa wani, ya ce in bai biya ba a tambaye ni.

2.0 Kafin Zuwan Gyaɗa

Har zuwa 1991 da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, wannan yanki yana cikin Jihar Kano ne, kuma a ƙarni na 19 shi ne bakin iyakar masarautar Kano ta wajen Ningi. Hare-haren Ningawa, musamman a zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi (1855–1882), sun addabi garuruwan kudu ƙwarai. A ganinmu, inda mutum ba shi da tabbacin zai girbe abin da ya shuka, gona ba ta zama abin dogaro ga mai ba da bashi. Mutumin da kansa ake dubawa, da gidan da ya fito, da wanda zai tsaya masa.

Saurayi yakan fara ne a gandun mahaifinsa, inda ba shi da ikon sayar da ko dami ɗaya. Abin da ya mallaka shi ne ɗan amfanin gayaunarsa, kuma yadda ya sarrafa wannan shi ne abin da dattawa ke fara lura da shi. Idan yana son kasuwanci, sai ya zama yaron wani. Ubangida ba ya miƙa wa sabon yaro jari. Da farko aike ne: kai wannan saƙo wurin wane, karɓo cikon kuɗi wurin wane. Daga nan a ba shi ɗan kaya, gishiri ko kanwa ko kayan ƙoli, ya kai kasuwar ƙauye ya dawo da kuɗin da yamma. In ya shekara biyu ko uku ba a ga gibi ba, sai a bar kaya su kwana a hannunsa daga kasuwa zuwa kasuwa. Ranar da ubangidansa ya ce wa wani ɗan kasuwa “ba shi, ni na sani,” ranar ce ya sami suna. Abner Cohen ya nuna irin wannan a Sabon Ibadan a littafinsa na 1969, inda maigida ke tsaya wa mahauta a cinikin shanun fataken da ba su san su ba. Abin da ya gani a can ba baƙo ba ne ga dillalan kara a kasuwanninmu.

Na mata ya fi ba mu sha'awa, don ya fi tsari. A adashi, uwar adashi ba ta bai wa sabuwar shiga kwasar farko. Takan sa ta can ƙarshe. Ma'anar wannan ita ce, sabuwar shiga sai ta ranta wa kowa zubinta kafin a ranta mata. In ta cika zubi har zagaye ya ƙare, a zagaye na gaba sai a matso da ita gaba. Ba mu san wata dabara da ta fi wannan sauƙi ba wajen gwada wanda ba a sani ba, ba tare da an yi asarar ko anini ba.

Kada mu yi wa tsarin kwalliyar da ba ta dace da shi ba. Wanda ba shi da mai tsaya masa, hanyar da ta rage masa ita ce falle, wato ya karɓi kuɗi ko hatsi da damina lokacin da rumbu ya ƙare, ya biya da dami a kaka lokacin da hatsi ya fi araha. Polly Hill ta yi bayanin falle a binciken da ta yi a Batagarawa, wanda aka buga a 1972. Mai cin falle yakan biya, har ya biya fiye da kima, amma biyan ba ya ɗaga darajarsa, domin a ɓoye ake yi saboda kunya, kuma mai ba shi ba ya son wani ya ji. Ga shi kuwa aya ta 282 a Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo a Alƙur'ani, ta yi umurni da rubuta bashi da kafa shaidu. A ƙauye an fi riƙe shaidun, an bar rubutun.

3.0 Zamanin Gyaɗa

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kuma daga kakar 1912 cinikin gyaɗa ya buɗe. Wannan ciniki kacokan a kan bashi ya tsaya. Kamfanin Turawa ya ba babban wakili kuɗi kafin kaka, babban wakili ya rarraba wa ƙananan wakilai, su kuma su ba yaransu da ke zaune da sikeli a kasuwannin ƙauye, wani lokaci har kuɗin ya kai hannun manomi tun gyaɗa na ƙasa. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, ya kuma rasa mahaifinsa yana yaro, ya gina sunansa ne a fataucin goro kafin ya zama wakilin Kamfanin Neja a 1918. Wato shi ma da amanar da ya tara a wani ciniki ya shiga wannan.

Abin da gyaɗa ta kawo sabo shi ne lissafi na shekara-shekara. Kowace kaka jarrabawa ce: an ba ka kuɗin buhu kaza, buhu nawa ka kawo? Wanda ya cika a ƙara masa baɗi, wanda ya gaza a rage masa ko a sallame shi. Ta haka ɗan talaka daga ƙauyen Birnin Kudu ko Gwaram yake iya hawa daga mai ɗinkin buhu zuwa mai riƙon sikeli, har ya zama mai yaran kansa. Kafa hukumar cinikin gyaɗa a 1949, da ta Jihar Arewa a 1954, bai rushe wannan tsani ba, sai dai ya ɗora lasin a samansa.

Farin 1972 zuwa 1974, da cutar da ta lalata gyaɗa a 1975, su suka karya shi, sannan aka soke hukumomin cinikin amfanin gona a 1986. Abin lura a nan shi ne, shaidar biyan da mutum ya tara shekara ashirin tana cikin kan ubangidansa ne da littafin akawunsa. Da ubangida ya karye, ko ya rasu, sai shaidar ta bi shi.

4.0 Banki da Takarda

Gwamnati ta kafa bankin manoma a Kaduna a 1973. A 1977 ta tilasta wa bankunan kasuwanci buɗe rassa a karkara, ta kuma kafa asusun da ke lamunce wa banki kashi 75 cikin 100 na abin da manomi ya kasa biya. Duk da haka banki takarda yake nema, musamman takardar mallakar ƙasa bisa dokar 1978, wadda manomin da ya gaji gonarsa ba shi da ita. Da aka ga haka sai aka koma gidan jiya: a kawo sa hannun dagaci, ko ma'aikacin gwamnati mai albashi, ko a shiga ƙungiyar gama kai 'yan ƙungiya su tsaya wa juna. Wannan lamuni ne aka sa masa hatimi. Sai dai akwai bambanci babba. Ubangidan da ya tsaya wa yaronsa kuɗinsa ne zai tafi, don haka yakan tantance. Wanda ya sa hannu a bashin gwamnati sau da yawa ba abin da zai rasa, shi ya sa mutane da dama suka ɗauki irin wannan bashi rabo ne.

A 2009 Babban Bankin Nijeriya ya ba kamfanoni uku lasin tattara bayanan masu cin bashi. A 2014 aka fito da lambar BVN, wadda ke haɗa duk asusun mutum da hoton yatsunsa. A 2017 aka yi dokar bayar da rahoton bashi, tare da wata da ta ba da damar jinginar da kadara mai motsi, kamar dabbobi da injin ban ruwa. Wannan ya magance tsohuwar matsala guda: shaidar biya ba ta mutuwa da mutuwar ubangida, kuma tana bin mutum daga Gwaram har Legas.

Amma abin da ya bi ta banki kaɗai take gani. Mu ɗauki misalin ɗan kasuwar hatsi a kasuwar Sara ta ƙasar Gwaram, wanda ya shekara talatin yana ɗaukar riɗi da gero bashi yana biya ran kasuwa. A wurin dillalai, maganarsa kuɗi ce. A wurin kwamfutar banki kuwa, shi da ɗalibinmu da ya buɗe asusu jiya ɗaya suke, har ma ɗalibin na iya fin sa in ya ci ɗan bashin waya ya biya. Dokar 2017 ta yarda a karɓi bayani daga ƙungiyoyin gama kai da masu sayar da kaya bashi. Sai dai uwar adashi, wadda ta san wa ya cika zubi wa ya tsallake a unguwarta, ba ta da rajista, kuma lissafinta yana cikin littafin makaranta mai shafi arba'in da take ajiyewa a ƙarƙashin katifa.