Tarihin Kiɗan Jita a Nijar da Finafinan da Suka Adana Shi

Kiɗan jita na Buzaye, wanda ake kira ishumar, wato kiɗan matasan da fari da rashin aiki suka kora zuwa Aljeriya da Libiya a shekarun 1970 da 1980, ya fara yaɗuwa ne ta kaset-kaset da ake kwafa hannu da hannu, domin a lokacin tawayen Buzaye na shekarun 1990 hukumomi suna kallonsa a matsayin muryar 'yan tawaye. Ƙungiyar Tinariwen ta Mali ce ta share fage, yayin da a Nijar Abdallah ag Oumbadougou ya jagoranci ƙungiyar Takrist n'Akal.

Da yake tarihin waɗannan makaɗa bai shiga littattafai sosai ba, finafinan gaskiya, waɗanda ake ɗaukar mutane cikin rayuwarsu ba tare da wasan kwaikwayo ba, su ne suka zama taskarsa. Jérémie Reichenbach ya bi sawun Tinariwen a fim ɗinsa Teshumara, sannan a 2010 Ba'amurke Ron Wyman ya fitar da fim kan makaɗi Bombino na Agadas, wanda daga baya aka sa kundin waƙoƙinsa Deran cikin takarar kyautar Grammy ta 2019.

A ƙasar Arewa ta Nijar, inda Matankari da Dogonduci suka gaji kiɗan goge da kalangu, kiɗan jita na Buzaye ya isa kunnen matasa ta rediyo da katin memori na wayar salula, wanda shi ne ya fara fito da sunan makaɗi Mdou Moctar kafin Turai da Amurka su san shi.